Abu Guda Da Ba Ma So A Karanta



Yau za mu ɗan ajiye zancen jigo da salo, mu leƙa wani lungu da yawancinmu ke ganin na masu kwamfuta ne su kaɗai. Tun da OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, ga kuma yadda littafin kuɗi ke fita yawo a WhatsApp tun marubuciya ba ta karɓi kuɗin mutum ashirin ba, da yawa a cikinmu sun fara tunanin buɗe shafin kansu a intanet, wasu ma har sun buɗe. Duk wanda ya buɗe shafi kuwa dole ya haɗu da satifiket ɗin tsaro, wanda ke sa adireshi ya fara da https. Tun watan Yulin 2018 burauzar Chrome ke liƙa wa shafin da ba shi da wannan satifiket tambarin rashin tsaro, kuma mai hankali ba zai zuba lambar katin bankinsa a irin wannan wuri ba.

Wajen ɗora satifiket ɗin akwai fayil guda da ya fi sauran duka, ana ce masa makullin sirri. Akwai kuma wata shawara da ke yawo a bidiyoyin koyarwa, cewa idan abu ya ƙi aiki a buga chmod 777 a huta. Mu a ganinmu wannan gyaran gangar Auzinawa ne, kuma mu masu alƙalami ya fi shafa, don mu ne za mu bi shawarar a shafukanmu, mu ne kuma za mu mayar da ita Hausa mu raba wa na baya.

Mu ɗauki hanyar da aka fi bi. Let's Encrypt ta fara raba satifiket kyauta ga kowa a ƙarshen 2015, kuma manhajar da aka fi karɓo shi da ita ita ce Certbot. Idan ta gama aiki sai ta ajiye fayiloli huɗu a cikin foldar /etc/letsencrypt/live/ ƙarƙashin sunan shafin: cert.pem da chain.pem da fullchain.pem da privkey.pem. Uku na farko ba su da wani asiri. Duk mai karatun da ya buɗe shafinmu sabar na miƙa masa abin da ke cikinsu, dama aikinsu ke nan. Na huɗun ne bai kamata ya taɓa barin inda aka haife shi ba.

Kalmar makulli tana ɗan ruɗar da mu, kuma tun da mu masu auna kalma ne, bari mu tsaya a kanta. Idan aka ce makulli, hankalin Bahaushe zai tafi ga kwado da ƙofar shago. Amma babban aikin wannan fayil a yau ya fi kama da na hatimi. Wasiƙar fada a da, abin da ke tabbatar da ita shi ne hatimin sarki. Kowa na iya ganin tambarin a jikin takarda, hakimi ya gani, ɗan aike ya gani, ba komai. Shi kansa hatimin ne ba a bari ya faɗa hannun kowa, don duk wanda ya riƙe shi zai iya rubuta abin da ya ga dama da sunan sarki. Haka abin yake a nan. Satifiket takardar shaida ce da ke cewa shafi kaza na mai hatimi kaza ne, kuma duk lokacin da wayar mai karatu ta haɗu da sabarmu, sai sabar ta buga hatimin don ta nuna lallai ita ce. Wanda ya mallaki privkey.pem zai iya buga wannan hatimi, kuma burauza ba ta da hanyar bambance shi da mu.

Sai dai akwai inda misalin ya gaza, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Hatimin ƙarfe idan aka sace shi, gari na wayewa za a ga babu. Fayil kuwa karanta shi kawai ake yi, an gama sata, na mai shi yana nan daram inda ya bar shi. Wannan ba sai an yi wa marubuta dogon bayani ba. Duk wadda aka taɓa fitar mata da littafin kuɗi ta san kwafinta bai motsa daga wayarta ba, amma an riga an cuce ta. Mu da kullum addu'armu Allah ya sa a karanta mu, kalmar karantawa ba ta ba mu tsoro, shi ya sa idan muka ga an ce wani yana da izinin karatu kawai, sai mu ɗauka ƙaramin abu ne tun da ba zai iya gogewa ko canzawa ba. A kan wannan fayil, izinin karatu shi ne izinin ɗauka.

Yanzu lambobin. Tsarin ya samo asali ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a Amurka a 1969, Linux kuma ta gaje shi. Kowane fayil yana da mutum iri uku a kansa: mai shi, sai rukunin da aka jingina shi gare su, sai sauran kowa da kowa. Kamar mai gida da mutanen gida da masu wucewa a titi. Karatu lambarsa 4, rubutu 2, tayar da fayil ya yi aiki kuma 1, sai a haɗa wa kowane ɗaya jimillarsa. Idan aka ce 600, mai shi na karatu da rubutu, sauran biyun ba su da komai. 640 ya ƙara wa mutanen gida karatu. 644, wanda shi ne yawancin fayiloli ke zuwa da shi idan ba a ce komai ba, ya bar na titi ma ya karanta. 777 kuwa cire ƙofar ne gaba ɗaya a jingine ta a bango: kowa ya karanta, kowa ya rubuta, kowa ya tayar.

To me ke kai mutane ga 777? Ba wauta ba ce, gajiya ce. Nginx da Apache, manyan manhajojin da ke miƙa shafuka, suna tashi ne a matsayin root, wato babban asusun da ba a hana shi komai a cikin na'ura. A wannan matsayi suke karanta makullin, sannan su sauke rawani su bar ƙananan ma'aikatansu su ci gaba da hidima da wani ƙaramin asusu, wanda a Ubuntu da Debian sunansa www-data. Saboda haka su 600 ya ishe su, ba su buƙatar a taɓa komai. Rigimar na tasowa ne idan wata manhaja ce daban, wadda ba ta tashi a matsayin root, ke son makullin. Sai allo ya rubuto Permission denied, wato an hana izini. Dare ya yi, data na ƙarewa, an riga an sanar wa masu karatu cewa gobe shafi zai buɗe. Sai a samu wani a intanet ya ce a buga chmod -R 777 a kan foldar letsencrypt ɗungurungum. A buga, shafi ya tashi, a yi hamdala a kwanta. Wasu masu ɗan tsoron Allah sukan ce 755 maimakon 777, amma 5 ɗin ƙarshe 4 ne da 1, karatu na nan a ciki, na titi ya samu abin da yake so.

Tambayar da za a yi mana mun san ta: ni kaɗai ne a sabar tawa, wane ne kuma wannan kowa da kowa? Amsar ita ce kowace manhaja da ke aiki a na'urar tana da asusunta, kuma ita ma tana cikin masu wucewa a titi. Yawancinmu WordPress muke ɗorawa, mu cika shi da ƙananan manhajojin ƙari, wasu ma na kuɗi ne da aka samo a ɓagas daga inda ba a sani ba. A watan Satumban 2020 an gano wata ɓaraka a ɗaya daga cikinsu mai suna File Manager, wadda ke kan shafuka wajen 700,000, ɓarakar da ke ba baƙo damar jefa nasa fayil ya kuma tayar da shi. A Oktoban 2021 kuma aka samu wata a Apache 2.4.49 da ke barin mutum daga waje ya karanto fayilolin da ke wajen foldar shafi, a sabobin da ba a saita su da kyau ba. A duka biyun, baƙon yana shigowa ne da rigar ƙaramin asusun nan. Idan makulli na root ne kuma 600, zai tsaya a bakin ƙofa. Idan 644 ne a cikin buɗaɗɗiyar folda, ya ɗauka ya wuce. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shi 777 ɗin ɗungurungum yana da wani sharri na biyu da ba a cika faɗa ba. A cikin foldar letsencrypt akwai wata mai suna renewal-hooks, inda ake ajiye ƙananan umarnin da Certbot zai tayar a lokacin sabunta satifiket, kuma a matsayin root yake tayar da su. Idan kowa na iya rubutu a wurin, baƙon da ya shigo da rigar yaron gida zai ajiye nasa umarnin ya koma gefe ya jira. Ranar sabuntawa, mu da kanmu, ta hannun Certbot, za mu naɗa masa rawani. Daga nan zance ya wuce na makulli, na'urar ce gaba ɗaya ta tafi, da littattafan da ke cikinta da sunayen waɗanda suka saya.

Abin da ya fi ba mu haushi a lamarin shi ne shirun da ke biyo baya. Akwai manhajojin da ke da tsiwa mai amfani. OpenSSH idan ya ga makullinsa a buɗe ga wasu, sai ya buga gargaɗi da manyan baƙaƙe ya ƙi taɓa shi. PostgreSQL ma ba ya tashi idan makullinsa na karantuwa ga kowa. Nginx da Apache kuwa ba ruwansu, ko 777 ne za su karɓa su ci gaba da aiki ba tare da ko tari ba. Shafi na buɗewa, https na nan, mai karatu ya gamsu, mai shafi ya gamsu. Don haka “ai yana aiki” ba shaida ba ce a wannan fage. Shafin da aka yi daidai da wanda aka bar hatiminsa a zaure, daga waje kamanninsu ɗaya.

Gyaran gaskiya bai fi na bogin wahala ba, wannan ne ma abin takaicin. Idan Nginx ko Apache ne, a bar abin yadda Certbot ya ajiye shi: tun daga ƙarshen 2018 yana ƙirƙirar makulli da 600, foldojin live da archive kuma dama 700 suke. Idan wata manhaja ce ke buƙata, sai a yi mata rukuni, a sa asusunta a ciki, a jingina makullin ga rukunin da chgrp, a ba shi 640, a kuma buɗe wa rukunin hanyar ratsa foldojin da ke sama. Debian da Ubuntu suna da irin wannan rukuni da aka tanada, ssl-cert, don makullan da ke /etc/ssl/private. Tarko guda ne za mu ambata, don yana kama mutane da yawa. Fayilolin da ke cikin live manuniya ce kawai, na ainihin suna cikin archive. Idan aka duba manuniya da ls -l, kullum za ta nuna kamar a buɗe take ga kowa, wannan ɗabi'arta ce, ba ya nufin komai. Sai an ƙara babban L, an buga ls -lL, sannan a ga izinin ainihin fayil ɗin. Sannan a tuna satifiket ɗin Let's Encrypt na yau da kullum kwana 90 yake yi, kuma kowace sabuntawa sabon fayil ne, don haka bayan ta farko a sake leƙawa a tabbatar.

Mu yi wa masu ja da mu adalci, don suna da hujjar da ba ta wasa ba ce. Za su ce makulli shi kaɗai bai isa ɓarna ba, sai ɓarawo ya iya karkato masu karatu zuwa tasa na'urar, ko ta wayifai ɗin da yake iko da shi, ko ta lalata littafin adireshin intanet. Gaskiya ne. Za su ce a sabon tsarin TLS 1.3 da aka fitar a 2018, wanda ya saci makulli yau ba zai iya warware hirar da ya naɗa jiya ba. Wannan ma gaskiya ne. Za su kuma tuna mana da Heartbleed ta watan Afrilun 2014, ɓarakar OpenSSL da ke zubar da abin da ke cikin ƙwaƙwalwar saba, har aka nuna ana iya tsinto makulli ta nan, abin da babu wata lambar izini da za ta hana. Mun yarda da duka. Amma cewa ɓarawo na iya haurowa ta katanga bai taɓa zama dalilin barin ƙofa a buɗe ba, balle ƙofar da rufe ta layi ɗaya ne. Kuma wanda za a cuta ba shi ne ya yi sakacin ba. Baiwar Allah ce da ta shiga sayen littafin dubu ɗaya, ta sa kalmar sirrin da ita ce dai take amfani da ita a imel ɗinta da Facebook ɗinta, don ta yarda da sunanmu. Masu cewa wa zai kula da ɗan shafin labaran soyayya kuwa, su sani ba mutum ne ke zaune yana zaɓen shafi ba. Na'urori ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna taɓa kowace ƙofa, ba su san Hausa ba balle su raina littafinmu.

Da yawanmu ba za su taɓa buga chmod da hannunsu ba, wani matashi za a biya ya haɗa shafin, ko a kama hayar wuri mai cPanel inda AutoSSL ke yin komai da kansa. Su ma ba su tsira ba, don izini ba a cikin na'ura kaɗai yake ba. Makullin da aka ba 600 sannan aka kwafo shi aka tura ta WhatsApp “don ajiya”, ko aka dunƙule shi cikin kwafin ajiya aka bari a foldar da duniya ke iya saukewa, lambarsa ta zama ado. Kada a ɗauka ƙananan mutane ne kawai ke wannan. A watan Fabrairun 2018 shugaban wani kamfanin dillancin satifiket mai suna Trustico ya tura wa DigiCert makullan sirri na abokan cinikinsa kimanin 23,000 ta imel. Ƙa'idar masu ba da satifiket ita ce a soke duk wanda aka tabbatar makullinsa ya fita cikin awa 24, haka kuwa aka yi, dubban masu shafuka suka wayi gari suna neman sabo. Don haka idan mun ba da aiki, ba raini ba ne mu tambayi mai haɗawa a ina aka ƙirƙiri makullin, wa ke iya karanta shi, kuma ko akwai kwafinsa a kwamfutarsa. Ƙwararre zai ji daɗin tambayar. Wanda ya ɓata rai ya ba mu amsa.

Sai mu dawo ga alƙalami. Rubutun fasaha da Hausa bai da yawa, wannan kowa ya sani. Mai neman bayani da Turanci idan ya faɗa kan gurguwar shawara, zai ga wasu goma a ƙasanta suna ƙaryata ta. Mai nema da Hausa sau da yawa rubutu ɗaya zai samu, kuma wannan ɗayan za a kwafa daga shafi zuwa shafi, a karanta shi a bidiyo, ya shekara yana yawo. Duk wanda ya fara rubuta yadda ake ɗora satifiket da Hausa a cikinmu, kusan shi ne zai zama liman, kuma idan ya yi rafkanuwa sahu duka ya bi shi. Shi ya sa muke ganin bai halatta marubuci ya ba da umarnin da bai iya faɗin ma'anar kowace lamba a cikinsa ba. A rubuta 600, a kuma ce me ya sa. A ambaci 777 da sunansa a ce kar a yi, don mai karatu zai ci karo da shi a wani wuri ko mun so ko mun ƙi. Idan za a sa hoton allo, a tabbatar ba a buɗe privkey.pem a cikinsa ba, don baƙaƙen da ke hoto ana iya kwafe su tsaf.

Masu ƙagaggun labarai ma akwai rabonsu a nan. Mun gaji da ɗan kutsen da ke zama gaban kwamfuta cikin duhu, ya yi ta danne-danne minti biyu ya ce ya shiga. Abin da ke faruwa a zahiri ya fi wannan daɗin labari: wani gajiyayye ne ya buga lamba uku da ƙarfe biyun dare, ya manta, bayan wata takwas wani da bai taɓa gani ba ya tsince ta. Akwai laifi, akwai jira, akwai wanda bai ji ba bai gani ba da zai biya. Wanda ya iya zare ya ja.

Wanda kuma ya je ya duba bayan karanta wannan ya tarar nasa a buɗe yake, mayar da lambar 600 bai wadatar ba, don ba shi da hanyar sanin ko an riga an karanta. Sai ya rufe foldojin, ya leƙa renewal-hooks ya ga ko akwai abin da ba shi ya sa ba, ya karɓi sabon satifiket da sabon makulli, sannan ya soke tsohon da certbot revoke yana mai bayyana cewa makullin ne ya fita. Ya kuma sani ba kowace burauza ce ke samun labarin sokewa a kan kari ba, don haka tsohon na iya yi wa ɓarawo amfani a wasu wayoyin har zuwa ranar da kwanakinsa 90 za su cika.